Ƙafar Katakon Inna

Babana baduku ne, kuma duk wanda ya kuskura ya kira shi shumeka a gabansa, ranar sai ya gwammace kiɗa da karatu. A wajensa shumeka shi ne mai yawo da akwati yana ƙwanƙwasa shi a titi yana neman takalmin gogewa. Shi kuwa daga ɗanyen zanen fata yake farawa, bai tsayawa sai takalmi ya hau ƙafa. Shagonsa ɗakin gaba ne na gidanmu, ƙofarsa na kallon titi. Ciki akwai benci guda, da ɗan guntun teburi da ya sha guduma har ya lotsa a tsakiya, da gwangwanin madara cike da ƙusoshi, da basilla kala-kala a soke jikin wani tsohon matashi. Warin fata kuwa har cikin kayan makarantarmu yake binmu.

Baba bai san fuskar kowa ba. Wannan ba zagi ba ne, ciwon sana'ar ne. Mutumin da ya shekara arba'in a duƙe, duniyarsa daga idon sawu take farawa ta yi ƙasa. Idan aka yi masa sallama, sai ya dubi ƙafar mai sallamar tukuna sannan ya san irin amsar da zai bayar. Mijin Yayata ya taɓa canza takalmi ya zo gaishe shi, Baba ya tambaye shi gyara ya kawo ko sabo yake so.

Yana da ra'ayi a kan jikin ɗan Adam, kuma ba ya jiran a tambaye shi. A cewarsa jikin nan gidan haya ne da marasa kunya suka cika. Kunne bai san ya isa ba, har a kai mutum kabari yana ƙara tsawo. Hanci haka. Tumbi kuwa ba a magana. Gashi ma idan ya gaji da zama a ka, sai ya kwashe kayansa ya koma cikin kunne da hanci. Gaɓa ɗaya ce tak mai mutunci, ita ce ƙafa. Da ta kai shekara ashirin sai ta tsaya cak, ta riƙe alkawarinta har mutuwa.

Lokacin da Yaya ta dawo hutu daga makarantar koyon jinya, da sabon ilimi yana yi mata ƙaiƙayi a baki, ta ce, "Baba, ba haka ba ne fa. Ƙafa tana bajewa. Haihuwa na sa ta, nauyi na sa ta, shekaru ma na sa ta. Abin da aka koya mana cewa kusan ba ya ƙaruwa bayan an haifi mutum, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙasusuwa ne can cikin kunne."

Baba bai ko ɗago ba. Ya ja zarensa ya ce, "Dama na daɗe da sanin kunnen ƙashi gare ki. Ashe har makaranta sun tabbatar."

Daga ranar Yaya ba ta sake tayar da zancen ba.

Da a baki ra'ayin ya tsaya da sauƙi, amma a kansa ya gina sana'arsa. Duk wanda ya zama mai zuwa wurinsa, sau ɗaya yake auna shi. Ya ɗora ƙafar a kan takarda ya zagaye da fensir, ya naɗa tef ɗin awo a gadon ƙafar da dunduniya, sannan ya sassaƙa ƙafar katako daidai da ita ya rataye a bango. Shi ke nan an gama da kai har abada. Ko bayan shekara ashirin ka dawo, katakonka zai sauko da shi ya ja fata a kai. Idan ka ce ya matse ka, ya ce fata ce, za ta saki. Idan ka dawo ka ce ba ta saki ba, ya ce mutanen yanzu ba su da haƙuri. A haka masu zuwa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, katakansu suna nan reras a bango suna shan ƙura.

Ƙafa guda ce ba ta shan ƙura. Ita ba a cikin jerin take ba, a saman kansa take rataye ita kaɗai, ta yi sheƙi saboda shafa. Ta Inna ce.

Labarin ya ba mu shi har mun haddace. Tana budurwa igiyar takalminta ta tsinke daidai ƙofar shagon, ta shigo tana ɗingishi tana masifa. Ya ce wannan takalmin bai cancanci gyara ba, ta ɗora ƙafarta a nan. Ta ɗora. Ya ce bai taɓa ganin ƙafar da aka yi da natsuwa irin wannan ba, siririya, yatsu a jere kamar an tambaye su. Inna kan ce fensirin sau uku yana faɗuwa daga hannunsa, shi kuma ya ce teburin ne ba daidai ba. Fuskarta dai ya amsa da bakinsa cewa sai daga baya ya duba.

Tun daga auren, duk shekara sai ya yi mata sabon takalmi sau-ciki a kan katakon nan. Baba ba mutum ne mai daɗin baki ba. Ban taɓa jin ya ce mata sannu da aiki ba. Abin da ya iya shi ne ya shigo tsakar gida da takalmi a naɗe cikin jarida, ya ajiye kusa da ita, ya yi gyaran murya, ya koma shago.

To amma Inna ta haife mu mu shida. Ta yi jiki, ta yi tsayuwar kicin, ta yi zirga-zirgar kasuwa da asibiti da makarantunmu. Ƙafarta ta baje, babban yatsan ya karkata, gefensa ya yi ƙulu. Ƙafar katako kuwa tana nan a bango budurwa.

Ga yadda Inna ta warware matsalarta. Idan za ta fita, sai ta zauna a bakin gado ta shafa wa ƙafar mai, ta cusa ta cikin takalmin tana cije leɓe. Ta fito ta gaban shago tana taku ɗai-ɗai, irin na matar da ba ta da gaggawa a duniya. Baba ya bi ƙafar da kallo har ta sha kwana. A kwanar nan kuwa akwai rumfar Sarkin Gam.

Sarkin Gam sa'an Baba ne, kuma shi ma takalmi ne abincinsa. Baba ne ya laƙaba masa sunan, don shi ba ya ɗinki, liƙi yake yi. Ba su taɓa yin faɗa ba, gaisuwa ce dai ba ta haɗa su. Baba na cewa takalmin da aka liƙa da gam daidai yake da auren da aka ɗaura a waya, ruwan farko zai raba shi. Duk wanda ya gudu daga shagonmu a rumfar nan yake sauka, wannan ma bai taimaki zumuncin ba.

A kan bencin wannan mutumin Inna take zama. Shi ma a duƙe yake wuni, da ya ga takalmin Baba ya tsaya a gabansa sai ya sa ƙafa ya turo wasu faffaɗan silifas daga ƙarƙashin benci, ba tare da ya ɗago ba. Ta cire, ta yi ajiyar zuciya, ta zura silifas ta tafi harkarta. In ta dawo ta mayar da azabarta ta ƙarasa gida. Mai shayin kwanar ya sani, mai kanti ya sani, mu 'ya'yanta mun sani, har masu tallan da ke wucewa sun sani. Mutum ɗaya ne a duk titin bai sani ba.

Abin da ya fi ba ni dariya da haushi a lokaci guda shi ne kantar da Baba ya kafa. Duk shekara idan ya kawo sabo, sai ya karɓi tsohon ya jera a kanta a shago. Mai saye na shigowa zai sauko da guda ya kifa shi.

"Dubi ƙasan nan. Shekara guda cur matata tana yawo da shi, kasuwa, asibiti, unguwa. Ka ga inda ya ci? Je ka tambayi mai gam ko nasa zai yi wata biyu."

Ina zai ci, takalmin da iyakarsa ƙofar gida zuwa kwana? Mai saye ya gyaɗa kai ya ce lallai aiki ya yi kyau, ya fita yana danne dariya.

Na taɓa tsare Inna a ɗaki tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi. Na ce, "Inna, don Allah wannan wace irin wahala ce? Ki faɗa masa mana. Zai mutu ne?"

Ta ce, "Ke yarinya ce. Mutumin da bai iya magana ba sai da fata, in na ce masa fatar ta yi kaɗan, me na bar masa?"

Na ce ta bar masa tef ɗin awo. Ta jefe ni da tsumma.

Haka aka yi ta tafiya har ciwon suga ya kama Inna. A nan wasan ya daina zama wasa. Yaya, wadda a lokacin ta daɗe tana aiki a asibiti, ta duba ƙafar ta kira ni gefe fuskarta ba walwala. Ta ce mai irin wannan ciwon, ɗan ƙaramin bororo ya isa ya zama gyambon da ba ya warkewa, kuma ta ga waɗanda aka yanke wa yatsa, ta ga waɗanda aka yanke wa fiye da yatsa, duk daga matsattsen takalmi. Muka je muka sami Inna mu biyu. Ta saurare mu tsaf, sannan ta ce duk wadda ta kai wa Baba maganar nan ba da yawunta ba. Ta ce daga ƙofa zuwa kwana ai ba tafiya ba ce.

Na ji tsoro, kuma na ji haushinsu su biyun, shi da makantarsa, ita da taurin kanta. Na gwada bi ta bayan gida. Na zauna a bencin shago na ce, "Baba, wai ba ka ganin tafiyar Inna ta canza?" Ya ce ƙwarai, ta ƙara natsuwa, takalmi mai kyau haka yake gyara wa mace tafiya. Ya miƙa hannu zai sauko da wani takalmin daga kan kantar, na tashi na ba shi wuri.

A shekarar ne hannunsa ya fara rawa. Sai ya yi ta neman ramin basilla zaren na wucewa ta gefe. Bai ce wa kowa komai ba, amma ya ciro wata jar fata mai laushi da ya daɗe yana ɓoyo a ƙasan akwati, ya sauko da katakon Inna. Ya daɗe a kan takalmin nan fiye da kowanne. Da ya gama ya shigo da shi cikin jarida, ya ajiye, ya yi gyaran murya. Sai dai wannan karon bai koma shago ba. Ya ce daga wannan ya rufe, kuma ranar da jikarsa ta fari, 'yar Yaya, za ta karɓi takardar kammala makaranta, ranar za a fara taka shi.

"Kuma da kaina zan raka shi," in ji shi.

Takalmin yake nufi. Inna dai tunda a cikinsa take, dole ta biyo.

Makarantar tana can bayan babban titi, tafiya ce sosai, kuma Baba bai taɓa jerawa da Inna a ƙafa ba tunda na yi wayo. Na ce zan kira mota. Ya ce ba a yi takalmi don ya zauna a mota ba. Na dubi Inna, ta harare ni.

Ranar da safe ta shafa mai har ya yi yawa, ta cusa ƙafar. Na ga gumi ya tsattsafo mata a goshi tun kafin ta miƙe. Baba ya sha wanka ya sa tsohon kwat ɗinsa mai warin akwati, suka fito. Ni ina bayansu riƙe da jakarta, ina ta addu'ar Allah ya sa Sarkin Gam ya tafi wani wuri.

Yana nan daram a rumfarsa, a duƙe, yana shafa gam a ƙasan wani takalmin makaranta. Inna ta yi niyyar wucewa, na ga ta ɗauke kai. Amma ƙafa ba ta san da shawarar ba, ta saba, daidai bencin sai ta ɗan rage sauri. Sabo turken wawa. Sarkin Gam ya ga jan takalmi ya tsaya a gabansa, ɗinkin kuma ya san mai shi. Bai ɗago ba. Ya sa ƙafa ya turo silifas.

"A'a, sabo aka yi? Zauna ki cire kafin ya kashe ki. Wannan ai da gani ya fi na bara ma cizo. Mutumin naki dai har yanzu yarinyar nan yake yi wa takalmi."

Sai idonsa ya matsa gefe kaɗan, ya sauka a kan wasu baƙaƙen takalma masu ɗinkin hannu, girman na maza. Burushin gam ya tsaya a iska. A hankali ya bi wandon da kallo, ya bi kwat, har ya iso fuskar. Ina jin ranar ce karon farko da mutanen nan biyu suka ga fuskar juna.

Mai shayi ya sami abin gogewa a ƙasan teburinsa. Mai kanti ya shige ciki. Ni kuwa na ƙame da jaka a hannu, ina jiran aradu ta faɗo.

Baba ya dubi silifas ɗin. Sun tsufa, dunduniyarsu ta cinye har ta yi sirara, kuma shatin ƙafar da ke kwance a cikinsu faffaɗa ne, babban yatsa a karkace. Baba bai iya karatun fuska ba, amma wannan rubutun nasa ne. Ya daɗe yana karantawa.

Ya ce da Inna, "Zauna."

Ta zauna a bencin. Ya tattare kwat ya durƙusa a ƙasa, gwiwoyinsa suna ƙara, nan cikin ɓaraguzan roba da ɗigon gam. Ya kama takalmin zai cire, ya ƙi fita. Sai da ya kwance shi gaba ɗaya ya murɗa. Ƙafar ta fito da shatin ɗinki kwance a jikinta, gefen yatsan ya yi ja wur, ƙaramin yatsan ya hau kan ɗan'uwansa. Ya riƙe ta a tafin hannunsa.

"Tun yaushe?"

"Tun cikin na biyu."

Na biyun nan yanzu yana da furfura a gemu.

"Me ya hana ki faɗa?"

Inna ta ce, "Kai me ya hana ka sake dubawa? Kullum ƙafar tana gidanka, tana wucewa ta gabanka. Waccan ta bangon ka aura, Malam. Ni kuwa na ci gaba da girma."

Baba ya laluba aljihun kwat, babu komai ciki sai hankici. Sannan, ba tare da ya juya ba, ya miƙa hannu baya wajen Sarkin Gam.

"Ara mini tef."

Sarkin Gam ya miƙa masa da hannu biyu, ya haɗa da fensir da bayan wani kwali. Baba ya ɗora ƙafar a kai ya zagaye. Fensirin ya faɗi, Inna ta ce, "Yau ma teburin ne?" Na yi dariya hawaye na zuba, ban san wanne ya riga wanne ba.

Inna ta je taron jikarta da tsofaffin silifas a ƙarƙashin sabuwar atamfa, Baba yana gefenta rungume da jan takalmi a hammata. Duk hoton da aka ɗauka ranar, yana ciki yana kallon ƙasa.

Bai rufe shagon ba sai da ya sassaƙa sabon katako. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, kada ma wani ya zata. Abin da ya ce shi ne ƙafa ma ashe 'yar gidan hayar ce, ba ta da amana, dole a riƙa sa mata ido. Da wannan hujjar ya riƙa auna ƙafar Inna kusan duk mako, a tsakar gida, ita tana tsintar shinkafa tana ce masa ya yi a hankali yana yi mata cakulkuli. Yaya ta ce ko a asibiti ba a duba ƙafar mai suga haka.

Takalmin da ya fito daga sabon katakon shi ne mafi muni da Baba ya taɓa yi. Faffaɗa ne kamar kwale-kwale, ɗinkin ya tafi a karkace, wani wurin ma ya tsallake. Shi ne kuma na ƙarshe, domin bai ga ƙarshen shekarar da ta biyo ba. Inna ba ta da wani takalmin fita sai shi. Kasuwa da shi, asibiti da shi, gidajenmu da shi, har ƙasan ya cinye ya huje a dunduniyar dama.

Kwanan baya muna wucewa ta kwana ni da ita, Sarkin Gam ya ga hujin tun daga nesa. Ya ce, "Innar yara, kawo in liƙa miki wani ƙasan. Yanzu-yanzu, ba sai kin jira ba."

Inna ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa.

"Gam? A takalminsa? So kake ya taso?"

Ta wuce abinta, ina jin ƙasan takalmin yana jan titi.